Igiyar Goggo

Famfo ɗaya gare mu a lungunmu na Bulumkutu, kuma tun ina budurwa igiya ce ke riƙe da layinsa. Doguwar igiya ce, kanta a gindin famfon, jelarta a yashe can wajen darbejiya. Idan kika zo da jarkarki, sai ki kama jelar ki zura ta a hannun jarkar, ki tura ta ta tarar da 'yan'uwanta. Daga nan ki tafi harkarki, ki ɗora tukunya, ki yi wa yara wanka. Ba mai tsallake ki, don jarka ba ta iya wuce jarka a igiya ɗaya. Ta jela ake shiga, ta kai ake fita.

Kan igiyar kuwa yana hannun goggona, yayar babana, wadda ke zama a kan wani tsohon turmi da ta kife a gefen famfon. Jarkar da ta iso gaba ita take zarewa a tara, in mai ita ba ta nan ta ajiye mata a gefe cike. Ba wanda ya naɗa ta. Na sha tambayar tsofaffin lungun, ba wadda ta tuna ranar da aka ce mata ga ki ga famfo.

Mu asalinmu Fulani ne masu shanu. Babana ne ya gaji da yawo ya zauna a Yerwa, wato Maiduguri, ya zama dillali a kasuwar shanu ta Gamboru. Da mijin Goggo ya rasu, ya je ya ɗauko ta, ta zo da ƙoren nono biyu da igiyar guga. Wata rana ta fito ta tarar mata biyu sun shaƙe juna a kan wa ya riga wa, sai ta koma ɗaki ta ɗauko igiyar nan. Ta ce a rijiyar daji garke goma kan sha ba a fasa wa kowa kai, don kowa ya san bayan wa yake. Mata suka yi dariya, suka zura jarkokinsu don su ga ƙarshen wasan, wasa kuma ya zauna. Ita ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka na san hannun nan da ke riƙe da igiya ciki da waje. Da shi ta yi mini kitso, da shi kuma ta zane ni ranar da na zagi maƙwabciya.

Gida biyu kaɗai ake zura wa jarka ta kai. Gidan haihuwa har ranar suna, da gidan rasuwa har sadakar uku. Kuma Goggo ba ta yin wannan a zaune. Miƙewa take yi, ta ɗaga jarkar sama kowa ya gani, sannan ta zura ta a gaban ta kowa. Da an ga ta miƙe surutu yake ɗaukewa, sai ka ji an ce, "Wa aka zura wa ta kai?" In haihuwa ce a rangaɗa guɗa, in rasuwa ce a yi salati. Kafin azahar duk matan lungun sun shiga gidan, barka ko gaisuwa. Ba mu da mai shela a wajen mata, igiyar ce shelarmu.

Sai yaran daji, 'yan ta da ƙayar bayan nan, suka tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin gari. Ba sai na ba ɗan Maiduguri labarin shekarun nan ba. Kowane zaure ya zama ɗaki. Akwai wani kango a ƙarshen lungunmu, mai shi ya kai ginin linta ya gudu kudu, sai ga shi cike da iyalai, kowa ya kewaye kusurwarsa da buhu da tsohuwar tabarma. Igiyar Goggo ta yi gajarta. Ta ƙulla mata igiyar shanya, ta ƙara da ta gidan sauro, har jelar ta zagaya darbejiya ta dawo. Wuta ba ta zuwa, ruwa ya ƙare kafin rana ta take, ga dokar hana fita ta cinye safiya da yamma. Masu moya, wato masu sayar da ruwa da ke tura kura, ma sai an roƙe su. Faɗan da igiya ta kashe shekara da shekaru ya soma ɗago kai.

A cikin haka wata ƙungiyar agaji ta zo ta sa mana sola da babban tanki. Allah ya saka musu, ban da abin faɗa a kansu. Abu ɗaya suka nema, a kafa kwamiti mai tsari a rubuce. Bulama, wato mai unguwarmu, wani dattijon Babarbare da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya tara mu a gindin darbejiya. A lokacin an rufe makarantar da nake koyarwa an zuba 'yan gudun hijira a ajujuwa. Ina zaune a gida ba aiki, ga zafin kai, ga baki. Ni na fi kowa magana ranar. Na ce zamanin igiya ya wuce, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Na ce a yi kati, kowane gida da lambarsa da lokacinsa, wasu safe wasu yamma. Mutanen kango ma na ce a ba su nasu daidai da kowa, kuma har yau ban ji kunyar wannan ba.

Inda na tafka ta shi ne maganar kan igiya. Wata ta tambaya, to gidan rasuwa fa? Na ce a wannan zamanin wane gida ne ba na rasuwa ba? In aka ce duk mai mamaci ya wuce gaba, wa zai rage a baya? Na ce sai dai wanda bulama ko liman ya shaida an yi jana'iza. Aka yi ta gyaɗa kai, don maganar tana da kan gado, ni ma har na ji daɗin kaina. Aka ɗaga hannu, aka ce ni ce mai kula da layi. Na yanka kwalayen taliya na rubuta lambobi da jan biro.

Goggo tana wurin, duk a kunnenta aka yi. Da aka watse ta naɗe igiyarta a gwiwar hannu kamar yadda ake naɗe ta guga, ta ɗauki turminta ta shiga gida. Ta rataye igiyar a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. Da na kai mata shayi da yamma, abin da ta ce kawai shi ne, "Malama, takardar taki tana gane fuska?" Malama take ce mini in tana son ta tsokane ni. Na ce, "Goggo, ki huta haka nan, kin yi naki." Ta ce to.

Ta huta kuwa, hutun da bai karɓe ta ba. Mace mai fita tun hantsi ta koma zaman tsakar gida tana tsince wake. Sai na ga ta ƙanƙance, zanenta ya yi mata yawa. Ina gani, raina yana ɓaci, amma na ce wa kaina tsufa ne. Katin kuma ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Faɗa ya ragu, ruwa yana kaiwa la'asar. Abin da ban lura ba shi ne an daina tambayar kowa komai a bakin famfo. Ki miƙa kati, ki tara, ki tafi.

A cikin matan kango akwai wata doguwa, Babarbariya daga wani ƙauye ta wajen tafki, mai 'ya'ya mata biyu. Hausarta kaɗan ce, tana ce wa namiji ke, mace kai, mu yi ta dariya ita ma ta taya mu. Na san jarkarta tun zamanin igiya, ruwan ɗorawa ce, murfinta ya ɓata ta toshe bakin da totuwar masara naɗe da leda. Mijinta ya kawo su gari ya koma, wai zai cire waken da ya shuka ya dawo. Watanni suka shuɗe ba shi ba labarinsa.

Wata safiya ina tsaye da katuna a hannu sai ga ta ta ratso layi har gabana. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta riƙe jarkar da hannu biyu a ƙirjinta, ta ce a hankali, "Malama, mijina ya rasu." Wani mutumin garinsu da ya tsero ne ya zo jiya ya faɗa mata, ya ce da idonsa ya gani, an yi makonni. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa." Daga nan sai bakin nan nawa ya ci gaba da kansa. Na ce, "Kin je wajen bulama?" Ta ce a'a. Na ce liman fa? Wace jana'iza liman zai shaida, an bar mutum a gona? Na dubi layin, na ga idanu a kaina, na tuna ni na kafa dokar da bakina. Na ce, "Ki yi haƙuri, katinki na yamma ne." Ta ce to, Malama. Ta juya da jarkarta.

Ba dutse ne a ƙirjina ba. Da layin safe ya ƙare na cika jarkar gidanmu, na ɗauka da kaina na bi ta bayan lungu don kada a gani a ce na karya doka, na ajiye mata a bakin kango na juyo. Washegari ma na yi haka. Na dawo gida ina jin na iya, na riƙe doka kuma na yi alheri. Har na ba Goggo labari ina jiran yabo.

Ta ajiye farantin waken. Ta ce, "Wa ya je mata gaisuwa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Matar nan ta yi watanni tana kallon igiyata. Ta ga abin da ake yi wa wadda aka zura wa ta kai. Ruwa ta ce miki tana so? A gaban mutane ta roƙe ki, ke kuma kika bi ta bayan gida kika ba ta a ɓoye kamar kayan sata."

Na buɗe baki zan kare kaina, ta ce, "Tashi ki je ki gani."

Na je bayan azahar. Kango tsit, mutanensa duk sun tafi layin rabon abinci, wasu neman itace. Sun yi mata gaisuwa da baki sun wuce, don kowannensu da nasa mamacin, kuma ciki ba ya jira. Na ɗaga buhun da ke ƙofar kusurwarta. Ta share wurin tas. Ta aro tabarma babba ta shimfiɗa, ta jera buta biyu a bakinta cike da ruwan da na kawo, saboda masu zuwa gaisuwa in za su yi alwala. Ta cire 'yan kunnenta, ta lulluɓe kai, tana zaune a ƙarshen tabarmar da 'ya'yanta biyu a gefe. Duk sauran tabarmar ba kowa. Kwana biyu ke nan tana zaman makoki ita kaɗai, tana jiran lungun da ba wanda ya gaya masa. Da ta gan ni ta gyara zama ta ce, "Lale, Malama," ta turo mini buta.

Wallahi ban san lokacin da na zauna ba. Na yi mata gaisuwa yadda ake yi, muka yi addu'a. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Ina lissafi a raina, gobe ne uku. In gobe ta wuce haka, shi ke nan, mutumin nan ya tafi ba wanda ya zauna dominsa ko na rabin yini, 'ya'yansa kuma suna kallo.

Na koma gida na tarar Goggo ta riga ta yafa mayafi. Ta ce, "Mu je wajen bawana." Bulama take nufi. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, kuma a cikin wasan nan ana faɗa wa juna abin da wani ba zai iya ba. Muka same shi a ƙofar gidansa bisa tabarma, rediyo a kunne.

Ya gaishe ta da yarensu, ya ce, "Wushe, Fulata. Yau kuma nonon ya ƙare ne aka tuna da mu?"

Ta ce, "Na zo duba bawana ne, na ji an ce tun da aka sa masa tanki a kai ya daina gani."

Ya yi dariya ya kashe rediyon. Ta zauna ta faɗa masa komai, ba ta ambaci laifina ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagi ciwo. Da ta gama ya ce, "Goggo, ba gawa, ba jana'iza, ba shaida sai bakin mutum ɗaya da ya wuce. In muka buɗe wannan ƙofar, gobe mutum ashirin za su zo."

Ta ce, "Su zo mana. Ƙarya suka yi, ba a kashe musu kowa ba? Kai Bulama, mace ba ta ɗaukar takaba wata huɗu da kwana goma saboda jarka ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na san mai kuka, na san mai matso hawaye. In ma wata ta ruɗe ni, ruwa ta ci. Waccan kuwa da kuka mayar, me za ku biya ta da shi?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, tsoron rigima kawai gare shi. Daga ƙarshe ya ce, "Ni ba ni na ba ki igiya ba tun farko, ba ni kuma na karɓe ta ba, jama'a ne suka ɗaga hannu. In na ce a yau na rushe, gobe wani ya rushe nawa. Ki fito da abarki da safe. In mata suka zura, ni ban ga komai ba. In suka ƙi, ki naɗe ki koma, kada ki ce na ci amanar wasa."

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar bulama a raina. Na san inda maganar ta tsaya, katunan a hannuna suke.

Da safe, da dokar hana fita ta saki mutane, Goggo ta mirgino turminta ta kife a inda yake dā. Ta warware igiyar, da ƙulle-ƙullenta na igiyar shanya da ta gidan sauro, ta ja jelar har gindin darbejiya, ta dawo ta zauna ta riƙe kan. Mata suka taru, kowace da kati a hannu ɗaya jarka a ɗaya. Ba wadda ta motsa. Ba Goggo suke kallo ba, ni suke kallo. Matar wani ma'aikaci, wadda katinta ke da lamba ɗaya kullum, ta ce, "Malama, yau kuma wane tsari ne? Mu fa mun gaji da canje-canje." Tana da gaskiyarta.

Tsakanin famfo da darbejiya ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Na ɗauki jarkarmu na bi igiyar har jela. Na durƙusa na zura. Sai da na yi sau biyu kafin ta shiga. Na tura ta gaba, na miƙe na ce, "Ni na yi kuskure a maganar gidan rasuwa. Wadda ta ga dama ta biyo bayana." Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ce ta fara, tana cewa dama ita katin nan kullum sai ya jiƙe mata a ɗaurin zane. Sai ta biyu, sai ta uku. Mai lamba ɗaya ta tsaya har kusan ƙarshe, ta ja tsaki, ta ce ita dai a san cewa ita ta riga kowa zuwa, sannan ta zura.

Goggo ta ce mini, "Je ki kira ta. Ke za ki je."

Na same ta a kan tabarmar nan, butocin a inda suke. Na ce ta ɗauko jarkarta. Ta ce, "Katina na yamma ne, Malama." Ba gatse ta yi ba, abin da na gaya mata ta maimaita mini. Na ɗauki jarkar da kaina, na kama hannunta.

Da muka iso Goggo ta dafa gwiwa ta miƙe. Watanni ke nan ba a ga wannan miƙewar ba, amma lungun bai manta ba, surutu ya ɗauke. Ta karɓi jarkar mai totuwar masara, ta ɗaga ta sama iya ƙarfinta, ta zura ta a gaban tawa, a gaban ta kowa. Daga can baya wata ta ce, "Wa aka zura wa ta kai?" Goggo ta ce, "Maƙwabciyarmu ta kango. Mijinta ya rasu a gonarsa. Yau uku." Salati ya bi igiyar daga kai har jela.

Kafin azahar tabarmar aro ta yi kaɗan, sai da aka kwaso na masallaci. Mai ƙosai ta juye abin da ta soya gaba ɗaya ta ce sadaka ne. Mai lamba ɗaya, ita da tsakinta, ta zo da tukunyar shinkafa a kai. Liman ya tara maza a bakin kango, har da bulama da ya ce bai ga komai ba, aka yi wa mamacin addu'a da sunansa. Matan Barebari suka kewaye mai makokin suna ta ce mata kanadi, wato haƙuri, mu ma muka ari kalmar. A kwana biyun da suka wuce ban ga hawaye a idonta ba. Ranar, da Goggo ta zauna kusa da ita ta dafa bayanta, ta kifa kai a cinyar tsohuwar ta yi kukan da sai da aka fitar da yaran waje. Butocin nan biyu sau huɗu ina cika su.

Kwamiti bai mutu ba. Mu ne masu goge sola in ta yi ƙura, mu ne masu neman mai gyara in famfo ya lalace, mu ne masu tarbar mutanen ƙungiya in sun zo duba tankinsu. Layi kuwa ya koma igiya. A shekarar nan Goggo ta miƙe tsaye har ba na iya tuna sau nawa, yawanci don mutanen da ba a ga gawarsu ba. An ruɗe ta? Sau ɗaya dai na sani, kuma da na kai mata tsegumi cewa ta yi, wadda ta yi ƙaryar mutuwa don ruwa ai tana cikin wani halin da ya isa a tausaya mata.

Da matar kango ta fita takaba, sai ta riƙa zuwa tana zama a ƙasa kusa da turmin. Tana ɗaga wa Goggo jarkokin da suka cika, don ƙarfinta ya soma tafiya. Hirarsu abin kallo ce, Hausar Fulani da Hausar Barebari, kowace na gyara wa ɗaya kuskure da nata kuskuren. Goggo na ce mata baiwata, ita kuma tana ce mata Kaka mai warin nono. Da gari ya soma lafawa wasu mutanen kango suka koma, ita ta ce ba ta da wanda za ta koma wa. Ta kama ɗaki a lungun, tana saƙa hula.

Da ciwon Goggo ya kwantar da ita, mata suka ci gaba da shimfiɗa igiyar da kansu. Kowace ta zare jarkarta in ta iso gaba, wannan ba wuya. Amma zurawa ta kai ba wadda ta taɓa. In aka yi haihuwa ko rasuwa, sai an riƙo Goggo a kafaɗa an fito da ita ta yi da hannunta. Na taɓa tambayarta wa za ta bar wa. Ta ce, "Ni wa ya bar mini?"

Ta rasu wata safiya bayan an idar da sallar asuba, kanta a cinyata. Babana ya tsufa, yana zaune a ƙofar ɗakin. Ana bukatar ruwan wanka, akwai waɗanda zan aika, amma na kasa zama a ɗakin. Na ɗauki jarka na fita, ko mayafin kirki ban yafa ba.

Igiyar tana shimfiɗe, jarkoki sun jeru, mata na hirarsu, ba wanda ya sani tukuna. Turmin yana nan a kife ba kowa a kai. Na tsaya ina kallonsa. Wa zan faɗa wa? Wadda ake faɗa wa ita ce na baro a ɗaki an rufe mata fuska. Ni kuwa da na taɓa mayar da mai makoki baya, ba ni da fuskar da zan kai kaina gaba. Na bi igiyar har gindin darbejiya, na durƙusa na zura ta jela.

Ban ji zuwanta ba, sai hannu na gani a kan jarkata. Matar kango ce. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata da takalmi wari da wari. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta ce in kawo shaida ba. Ta zare jarkar daga jelar, ta kama hannuna yadda na taɓa kama nata, ta ja ni muka bi layin har gaba. Ta sunkuya ta ɗauki kan igiyar daga ƙasa. Mata suka tsaya suna kallonta, baƙuwar da ta zo lungun da buhu a kai, kuma ba wadda ta ce wa ya ba ki. Ta ɗaga jarkar sama da hannu biyu, ta zura ta a gaban ta kowa.

Mai ƙosai ce ta yi tambayar, ko da yake ta riga ta san amsar. "Wa aka zura wa ta kai?"

Sai matar kango ta juya ta fuskanci mata, igiyar na hannunta, ta faɗa musu da Hausarta. Ta ce, "Kakanmu ya tafi. Ku ajiye jarka, mu je gidansa."